Kaska, ƙuma da tsutsar zuciya: yadda aka zaɓa wa karnuka biyu da kyanwa magani a wani gida a Kaduna

Cikin watan Agusta, lokacin da ruwa ya zauna sosai, aka kawo mini wani kare a bayan a-kori-kura daga ɗaya daga cikin unguwannin da ke bakin kogin Kaduna. Maigadin gidan ne ya riƙo shi, wani dattijo da kowa ke kira Baba, shi kuma maigidan, wanda zan kira Alhaji kawai a wannan rubutu, ya biyo su a baya cikin tasa motar. Karen irin na Jamus ne da aka fi sani a nan da Alseshan, namiji, shekararsa huɗu, nauyinsa kilo 32, ko da yake haƙarƙarinsa da ya fito ya nuna cewa a da ya fi haka. Ƙorafin da aka zo da shi shi ne kwana biyar ke nan in an ba shi abinci sai ya sunsuna ya kau da kai, ya daina haushi da dare, sannan da asubar ranar aka tarar da jini yana ɗiga daga hancinsa.

Da na ɗaga leɓensa sai na ga dasashinsa ya yi fari fat, ga wasu 'yan ɗigo-ɗigon ja a fatar cikinsa inda gashi bai yi yawa ba. Zafin jikinsa ya kai digiri 40.2, alhali na lafiyayyen kare bai cika wuce 39.2 ba. Cikin kunnuwansa kuwa da tsakanin yatsun ƙafafunsa kaska ce a jere, wasu sun sha jini sun kumbura sun yi launin toka kamar ƙwayar wake, wasu ƙanana jajaye da ba su fi ƙwayar riɗi ba. Na daina ƙirgawa a kunne ɗaya bayan na wuce arba'in.

"Likita, ai duk Asabar nake yi masa wanka da magani," in ji Baba, cikin muryar mai kare kansa. Da na tambaye shi wane magani, sai ya ce murfin fiya-fiya ɗaya yake zubawa a bokitin ruwa, kuma duk bayan wata biyu ko uku akwai wani mai sayar da magani a kasuwar dabbobi da ke zuwa ya yi wa karnukan allurar shanu. A nan ne na fara jin cewa akwai kare na biyu a gidan, mace, kuma akwai kyanwa.

Gwajin jini ya nuna cewa jajayen ƙwayoyin jinin karen sun sauka zuwa kashi 24 cikin ɗari, alhali ma'aunin lafiya yana tsakanin 37 da 55, ƙwayoyin da ke daskarar da jini su ma sun yi ƙasa ƙwarai, wanda shi ne dalilin haɓon. Ba mu ga ƙwayar Babesia, wata cutar jini da kaska ke yaɗawa, a madubin likita ba, amma gwajin gaggawa ya nuna jikinsa ya taɓa haɗuwa da Ehrlichia canis, ƙwayar cutar da kaskar kare ke ɗauka. Wannan gwaji shi kaɗai ba ya tabbatar da cewa ita ce ke kwantar da dabba a yau, sai dai idan aka haɗa shi da zazzaɓi da haɓo da ƙarancin jini da kaskar da ke kunne, babu sauran wani dogon tunani. Cutar tsohuwa ce a wannan nahiya, domin a Aljeriya aka fara gano ta a shekarar 1935, ta kuma yi suna lokacin yaƙin Biyetnam saboda yadda ta karkashe karnukan sojojin Amurka, waɗanda akasarinsu irin wannan Alseshan ɗin ne. Har yau wannan jinsi ya fi sauran jin jiki idan cutar ta daɗe ta shiga ɓargo. Na ɗora shi kan doxycycline, miligiram 300 kowace rana tare da abinci har kwana 28, kuma cikin kwana uku ya fara ci. Wannan ɓangare bai ba da wahala ba. Abin da ya ci lokaci shi ne tambayar da Alhaji ya yi yana riƙe da makullin mota: "Likita, ka rubuta mana guda ɗaya mai ƙarfi da za mu yi wa dukkansu, mu huta."

Na ce masa ba zan rubuta komai ba sai na ga gidan.

Washegari da la'asar na je. Ɗakin karnukan da bulo aka gina shi a jikin katanga, ba a yi masa filasta ba, rufinsa kwano ne, shimfiɗar kuma tsofaffin buhunan masara. Na sa tsinke cikin wata tsaga tsakanin bulo biyu, kusa da rufi, na kwakulo, sai ga matacciyar kaska ta faɗo a bushe tare da wani curin ƙwai ja mai ƙyalli, ƙanana kamar garin barkono. Baba ya ja da baya yana salati. Ita wannan kaska mai launin ƙasa, wadda masana ke kira Rhipicephalus sanguineus, ta bambanta da kaskar shanu da abu ɗaya mai muhimmanci, wato ba ta buƙatar daji ko ciyawa, tana iya yin rayuwarta gaba ɗaya a cikin gini. Sau uku take hawa jikin kare a rayuwarta, kowane karo ta sha jini ta sauka ta ɓuya ta saɓule fata, kuma macen da ta ƙoshi takan hau bango ta nemi tsaga ta zuba ƙwai dubbai kafin ta mutu. A yanayin zafi irin namu zagayen yakan kammala cikin kimanin wata biyu, babbar kaskar da ba ta samu jini ba kuwa tana iya jira watanni da yawa a cikin bango. Ashe duk wankan Asabar da Baba ke yi kashe maciji ne ba a sare kansa ba, domin abin da ke jikin kare ɗan kaɗan ne daga abin da ke cikin bulo.

Karyar 'yar gida ce, shekararta shida, nauyinta kilo 17, kaskarta ba ta kai ta namijin yawa ba kuma tana cin abincinta. Amma da na matsa da tambaya, Baba ya tuna cewa a bara ta taɓa faɗuwa tana jijjiga tana dalalar da yawu, har suka ɗauka ta mutu, daga baya ta tashi. Ya kasa tuna ko ranar wanka ce. Wannan magana na rubuta ta na ja mata layi.

Muna tsaye sai ga kyanwar ta fito daga cikin gida, ta ratsa tsakanin ƙafafunmu, ta hau buhun da karyar ke kwance ta lafe a jikinta kamar 'yarta. Hajiya, wadda ta leƙo daga ƙofar shiga cikin gida, ta ce haka take yi tun tana ƙarama, da rana tana wajen karnuka, da dare kuma a ƙarshen gadon jikokinta take kwana. Na roƙi a kawo farar takarda a jiƙa ta da ruwa, na taje bayan kyanwar a kanta, sai wasu baƙaƙen ɗigo suka zubo, cikin daƙiƙa kaɗan kowannensu ya narke ya yi ja. Kashin ƙuma ke nan, wanda ba komai ba ne face jinin da ya sha ya bushe. Hajiya ta ƙara da cewa takan ga wasu fararen abubuwa kamar ƙwayar shinkafa a inda kyanwar ta kwana, kuma yaran suna yawan sosa idon sawu. Fararen abubuwan gaɓoɓin tsutsar ciki ce mai faɗi da ake kira Dipylidium caninum, wadda dabba ke samu idan ta haɗiye ƙuma wajen lasar jiki. Bayan katanga akwai kwata da ba ta gudu, a kusurwar gidan ga tsofaffin tayoyi sun tara ruwan sama, can gefe kuma kejin zomayen yara ne. Duk waɗannan sun shiga lissafi.

Fiya-fiya ita ce ta farko da na soke, kuma ban yi sassauci a maganar ba. Yawancin abin da ake sayarwa da wannan suna dichlorvos ne, maganin ƙwarin gona da rumbu, wanda ke ratsa fata ya shiga jini, ya jawo dalala da amai da jijjiga da sarƙewar numfashi, ga dabbar da kuma mai yi mata wankan da hannu ba safa. Baƙin mai da kananzir da wasu ke shafawa su ma ƙona fata suke yi. Wankan amitraz, wanda aka daɗe ana amfani da shi a ƙasar nan kuma ba shi da tsada, yana kashe kaska da gaske, amma ba ya yi wa ƙuma abin kirki, ƙarfinsa ba ya daɗewa, yana da haɗari ga kyanwa, kuma ga wanda ke da doki a gida ya sani cewa guba ne a gare shi. Wanda ya saba auna magani da murfin kwalba ba zan miƙa masa wannan ba.

Wanda ya fi ba ni wahalar bari shi ne maganin ɗigawa a ƙeya mai ɗauke da permethrin, irin su Advantix. A takarda shi ya fi dacewa da wannan Alseshan, saboda ba kashe kaska kawai yake yi ba, korar ta yake yi kafin ta kafa baki, yana kuma rage cizon sauro. Wannan na da muhimmanci domin Ehrlichia ba ta jira, tana iya shiga jini cikin 'yan sa'o'i da kafa bakin kaska, saɓanin Babesia da ke buƙatar kwana ɗaya zuwa biyu. Amma hantar kyanwa ba ta da isasshen sinadarin da ke narkar da permethrin, don haka abin da kare ke ɗauka lafiya lau yakan sa kyanwa karkarwa da jijjiga har ta mutu, kuma ba lallai sai an ɗiga mata ba, ya isa ta kwanta a jikin karen da aka ɗiga wa ko ta lashe shi. A gidan da za a iya raba su kwana biyu ko uku bayan kowace ɗigawa, da na yi tunani. A gidan da na ga kyanwa da idona ta lafe a cikin karya, kuma Baba ne zai tsare wannan doka wata bayan wata, garin neman gira za a rasa ido. Kyanwa mai kilo uku da rabi ita ta yanke hukuncin abin da kare mai kilo 32 zai samu.

Fipronil, wanda aka fi sani da sunan Frontline, ba ya cutar da kyanwa idan an yi amfani da nata, amma yana kashe zomo, kuma a inda kaska ta yi irin wannan katutu ban cika gamsuwa da saurinsa ba, musamman ga karen da ake yi wa wanka da sabulu kowane mako.

Saura ƙwayoyin taunawa na zamani, dangin da ake kira isoxazoline. NexGard, mai sinadarin afoxolaner, ya fito a Amurka a 2013, Bravecto mai fluralaner ya biyo baya a 2014, daga nan Simparica da Credelio. Su a cikin jini suke zama, wanka ko ruwan sama ba ya wanke su, ba sa barin komai a gashi da kyanwa ko yaro zai shafa, kuma suna kashe ƙuma da kaska da ƙwaron ƙazuwa da ƙarfin da tsofaffin magunguna ba su kai ba. Rauninsu biyu ne. Na farko, sai kaska ta ciji kare kafin ta mutu, wato ba su toshe ƙofar Ehrlichia gaba ɗaya ba, sai dai suna karya zagayen haihuwar kaskar har ta ƙare a gidan, wanda a ganina shi ne babban aikin. Na biyu, a watan Satumban 2018 hukumar kula da abinci da magunguna ta Amurka ta yi gargaɗin cewa wasu dabbobi sun samu karkarwa da tangaɗi da jijjiga bayan shan magungunan wannan dangi. Hukumar ba ta janye su ba, kuma mafi yawan karnuka suna sha ba tare da wata matsala ba, amma an nemi a yi hattara da dabbar da ta taɓa jijjiga. Nan layin da na ja a littafina ya yi amfani. Zatona mafi ƙarfi shi ne fiya-fiya ce ta kayar da karyar a bara, ba farfaɗiya ba, amma zato ne, kuma tun da akwai wata hanya ban ga dalilin gwadawa a kanta ba. Sai na zaɓa mata abin wuya na Seresto, mai haɗin imidacloprid da flumethrin, wanda ke aiki har wata takwas, yana kora yana kuma kashewa. Flumethrin ɗan uwan permethrin ne, amma ana yin irin wannan abin wuya har domin kyanwa, don haka kwanciyar da take yi a jikin karyar ba ta tayar mini da hankali ba. Na dai gargaɗe su cewa yawan wanka yana rage masa kwana, kuma jabunsa sun yi yawa, don haka kada a saya a kan tebur.

Maganar tsutsar zuciya kuwa Alhaji bai taɓa jin ta ba, kuma da na fara sai ya dube ni irin kallon da ake yi wa makanike idan ya ce akwai wani abu kuma da ya lalace. Ban ga laifinsa ba. Tsutsar, Dirofilaria immitis, sauro ne ke ɗaukar ta: ya sha jinin kare mai ita, 'ya'yanta su girma a cikinsa na kimanin mako biyu idan akwai ɗumi, sannan ya zuba su a jikin wani kare. Daga nan sukan ɗauki wata shida zuwa bakwai suna tafiya cikin jiki kafin su balaga a jijiyoyin da ke kai jini daga zuciya zuwa huhu, inda macen kan kai tsawon santimita 30, ta kuma rayu shekara biyar zuwa bakwai. Kare yakan daɗe ba alamar komai, sai daga baya tari da saurin gajiya da rama, a ƙarshe ciki ya tara ruwa. An samu wannan tsutsa a karnuka a Najeriya, amma gaskiyar da na faɗa wa Alhaji ita ce ba ita ce ke kashe karnukan da ake kawo mini ba, kaska ce ke kashe su, kuma duk mai kuɗin abu ɗaya kaɗai to maganin kaska zai saya. Kafofin da ke zuzuta tsutsar zuciya yawancinsu daga jihohin kudancin ƙasar Amurka suke magana, inda ta yi katutu. Abin da ya sa duk da haka na ba da shawarar a haɗa da ita shi ne bambancin da ke tsakanin hana ta da cire ta. Hana ta ƙwaya ɗaya ce a wata. Cire ta kuwa sai da melarsomine, allura mai sinadarin arsenik da ake yi har sau uku a cikin naman baya, bayan mako huɗu na doxycycline, tare da tsare kare a keji na watanni don kada gutsattsarin matattun tsutsotsi su toshe masa huhu, kuma samun ita allurar a nan ba abu ne mai sauƙi ba. Karen gadi da ke kwana a waje, kusa da kogi, da kwata a bayan ɗakinsa, a garin da sauro ba ya ɗaukewa gaba ɗaya, ya cancanci wannan ƙwaya.

Sai Baba ya ce, cikin ladabi, ai allurar shanun da ake yi musu an ce tana kashe kowace irin tsutsa. Maganarsa tana da ƙamshin gaskiya, shi ya sa na zauna na yi musu lissafi a bayan takardar magani. Allurar ivermectin ce, maganin da ya shiga kasuwar dabbobi a 1981, wanda kuma mutanen karkara da yawa suka sani da sunan Mectizan da ake rabawa saboda makantar kogi, har waɗanda suka gano shi, William Campbell da Satoshi Omura, suka samu kyautar Nobel a 2015. Shi ne kuma ke cikin Heartgard, ƙwayar hana tsutsar zuciya da ta fito a 1987. Amma abin da ake buƙata don wannan aiki maikirogiram 6 ne kacal ga kowane kilo, wato 192 ga kare mai kilo 32, alhali mililita ɗaya na allurar shanu yana ɗauke da maikirogiram 10,000, ya ninka abin da ake buƙata fiye da sau hamsin. Ga shi kuma maganin ba ya zama a jiki yana jiran sauro. Abin da yake yi shi ne share ƙananan tsutsotsin da suka shiga cikin watan da ya wuce, don haka babbar allura duk bayan wata uku ba ta maye gurbin ƙaramar ƙwaya duk wata. Ba ta kashe ƙuma, tasirinta a kan kaska gajere ne, kuma idan aka dirka ta ga karen da jininsa ke cike da 'ya'yan tsutsa, mutuwarsu gaba ɗaya na iya jefa shi cikin mawuyacin hali. Akwai kuma wani lahani na gado da aka gano a Jami'ar Jihar Washinton a 2001, wanda ke barin ivermectin ya kutsa cikin ƙwaƙwalwa. Ya fi yawa a jinsin Collie, amma ana samunsa jefi-jefi a Alseshan. Ƙaramin awon da ke cikin ƙwayar wata-wata ba ya cutar da ko masu wannan lahani, awon sirinjin shanu ne ke kayar da su.

Kafin a fara, na gwada jinin karnukan biyu, domin duk karen da ya wuce wata bakwai ba a ɗora shi kan wannan rigakafi sai an tabbatar babu babbar tsutsa a ciki. Dukkansu suka fita lafiya, kuma ɗigon jinin da na duba a madubi bai nuna 'ya'yan tsutsa ba. Na gaya wa Alhaji cewa za mu maimaita bayan wata shida, saboda gwajin manyan mata kaɗai yake gani, wadda ta shiga a watan Yuni ba za ta bayyana a Agusta ba.

Ga namijin akwai hanya biyu. Ko Bravecto, wanda ake sha sau ɗaya a mako 12, a haɗa da ƙwayar tsutsar zuciya daban kowane wata, ko kuwa NexGard Spectra, wanda ya haɗa afoxolaner da milbemycin mai hana tsutsar zuciya a ƙwaya ɗaya ta wata-wata. Alhaji ya karkata ga na farko don ya ji an ce wata uku. Na nuna masa cewa takardar maganin ta Turai mako 8 ta ba shi a kan wannan kaskar ta bango, ba 12 ba, kuma hanyar tana nufin kalanda biyu a kan dattijo ɗaya. Baba ba ya karatun boko, amma bai taɓa manta ranar albashi ba. Aka tsaya a kan cewa ranar da aka biya shi, ranar ce namijin zai tauna ƙwayarsa, karyar ta sha tata ƙwayar ta tsutsar zuciya, kyanwa kuma a ɗiga mata nata. Da aka faɗi kuɗin na wata, Alhaji ya cire hula ya sosa kai ya mayar, ya ce ko shi ba ya shan maganin da ya kai haka, sannan ya biya na wata uku.

Kyanwar ba ta da kaska ko ɗaya, don haka selamectin na ɗigawa a ƙeya, wanda ake sayarwa da sunan Revolution ko Stronghold, ya wadatar da ita: yana kashe ƙuma da ƙwaron kunne da wasu tsutsotsin ciki, yana kuma hana tsutsar zuciya, wadda a jikin kyanwa ba ta da maganin cirewa kwata-kwata, kuma guda ɗaya ko biyu sun isa su kashe ta. Na ba ta praziquantel saboda tsutsar mai kama da shinkafa, karnukan ma aka ba su. Na bayyana wa Hajiya cewa ƙuman da ke jikin kyanwa bai fi kashi biyar cikin ɗari na abin da ke gidan ba, sauran ƙwai ne da tsutsotsi a cikin darduma da ƙarƙashin gado, domin macen ƙuma na iya zuba ƙwai har hamsin a rana, wanda kuma ya naɗe kansa a cikin kwanso yana iya jira watanni. Aka wanke zannuwa da ruwan zafi aka shanya a rana, aka kakkaɓe dardumomi, aka dage da shara. A waje kuma aka ƙone buhunan, aka kulle kyanwar a cikin gida, aka kawar da kejin zomaye, aka fesa wa ɗakin karnuka maganin kaska tun daga rufi, aka maimaita sau biyu da tazarar mako biyu, sannan birkila ya toshe tsagogin ya yi filasta. Tayoyin aka ba masu gwangwan.

A mako na biyu Alhaji ya bugo waya ransa a ɓace, wai har yanzu Baba na ganin kaska. Na ce a ciro su a duba ko suna motsi. Aka duba, yawancinsu matattu ne a maƙale, ko ƙanana da ba su sha jini ba. Bango ne ke amayar da abin da ya rage a cikinsa. Na kuma hana Baba ɗabi'arsa ta murƙushe su da farce, na nuna masa yadda ake kama kaska da hantsaki daga jikin fata a ja a hankali a jefa cikin kwalbar sifirit. Zuwa ƙarshen Oktoba kunnuwan namijin sun yi tas, jininsa ya hau zuwa 39, nauyinsa 35, yaran kuma sun daina sosa ƙafa.

Cikin Nuwamba aka tsallake rijiya da baya. Maganin kyanwa ya ƙare, aka aiki direba wani shago, aka ba shi na ƙananan karnuka mai permethrin, aka ce masa a ɗiga rabi, ai duk ɗaya ne. Wata jikar Hajiya 'yar aji huɗu ce ta lura da hoton kyanwa da aka soke da jan layi a jikin kwalin, ta nuna wa kakarta, Hajiya ta kira ni kafin a fasa bututun. Daga ranar aka daina aiken kowa, aka kuma riƙa duba lambar rajistar NAFDAC da ranar ƙarewar aiki a jikin duk abin da ya shigo gidan.

Da hunturu ya shigo, Alhaji ya tambaya ko za a iya hutawa tun da ba a ganin kaska kuma sauro ya ragu. Na ce a'a, domin kaskar da ke zaune a gini ba ruwanta da hunturu, kuma karnukan maƙwabta suna nan da tasu. Ya ce to. Alƙawarin gwajin wata shida ya zame zuwa Maris, kuma ranar da suka zo na tarar da kaska uku masu rai a kunnen hagu na namijin. Baba ya dubi Alhaji, Alhaji ya dubi bango, sannan Baba ya ce a hankali, "Likita, na Janairu da na Fabrairu ba a saya masa ba." Ita karyar, da abin wuyanta, ba ta da ko ɗaya, kuma ƙwayarta da maganin kyanwa ba su yanke ba, saboda Hajiya ce ta karɓi ajiyarsu tun bayan abin da ya faru a Nuwamba. Gwajin tsutsar zuciya ya sake fita lafiya ga dukkansu, jinin namijin bai sauka ba. Na ba shi ƙwayarsa a nan take, na canza wa karyar abin wuya wata guda kafin lokacinsa saboda wankan da take sha, na kuma rubuta sabon gwaji ga namijin a watan Satumba, don a ga ko wani abu ya shiga cikin wata biyun da aka bari a buɗe. Kwalin ƙwayoyin na wata shida kuwa ban miƙa wa Alhaji ba, Baba na ba, na ce ya kai wa Hajiya ta haɗa da sauran.